Igwar da Muka Tono a Fadamar Kibau

Ban taɓa mantawa da ranar da na ba da rijiyar da na haƙa da hannuna aka zuba mata wuta ba. Ku da kuke zuwa da injin haƙa yanzu, ku huda ƙasa kafin shayinku ya huce, in kun ji haka sai ku ce tsoho ya fara ruɗewa. To, ku gyara zama.

Zamanin Nasara ne, yaƙin Jamus bai daɗe da ƙarewa ba, aikin dole ma ba a jima da ɗage shi ba. Ni na dawo daga soja, inda na yi aiki cikin masu jan igwa da alfadarai, aka ɗauke ni aiki a sarwishin rijiyoyi na Magarya, wato ma'aikatar haƙa rijiyoyi. Da tafiya ta yi tafiya aka ba ni shef na shantiye, wato ni ne babba a bakin aiki: masu haƙa, masu jan ƙasa da mai kwaɓa siminti duk a hannuna suke. Sama da ni akwai Baturen ayyuka, wanda muke kira Mushe kawai, sama da shi kuma kumandan mai mulkin yankin. Ƙasar Dungas rairayi ce, ba a yi mata gaggawa. In ka haƙa zurfin gaba guda sai ka tsaya, ka kafa ƙarafan zubi, ka zuba siminti, ka bar shi ya kama, sannan ka ci gaba. Simintin daga nesa yake zuwa, kuma wallahi Mushe ya fi ji da shi a kan mu.

Akwai wata doka da ake maimaita mana duk farkon rani. Duk abin yaƙi da aka tono, bindiga ce ko harsashi, a gaya wa mai gari, shi kuma ya aika bariki a zo a ɗauka. Nasara ba sa son ganin makami a hannun baƙar fata, ko da tsatsa ta gama cinye shi.

A wannan ranin aka tura ni wani ƙauye kudu da Guci. Matan garin sun saba tafiya mai nisa da tulu, saboda haka ranar da muka sauka har guɗa aka yi mana. Wurin da aka zaɓa mana ana kiransa Fadamar Kibau. Tsofaffi sun ce nan rundunar Damagaram ta kwashi kashinta a hannu, a wani yaƙi da mutanen kudu kafin zuwan Nasara. Duk damina hauya tana tono kan kibiya, ko tsinin mashi, ko guntun linzami. Al'adar garin kuwa, ƙarfen da ƙasa ta fitar na maƙera ne. Manomi ba ya ajiye shi a gida, kai tsaye maƙera yake kai shi, ya dawo masa a matsayin lauje ko fartanya.

Rijiya ta yi nisa sosai, ƙasar da ake fitarwa ta fara zuwa da sanyi, alamar ruwa ya kusa. Ran nan da la'asar na tura Ɗan Jimma, ɗaya daga masu haƙa, ya tono mana tsakuwa a gefen fadama. Sai na ji yana ƙwala mini kira. Daginsa ya daki wani abu da aka naɗe da fatar shanu, fatar ta bushe ta zama kamar itace. Da muka share rairayin sai ga igwa ta tagulla, irin wadda maƙeran Damagaram suke zubawa a da, tsawonta bai kai tsayin mutum ba, amma sai da muka taru kafin ta ɗagu. Ba faɗuwa ta yi ba. Binne ta aka yi da kula, kamar mai ita yana da niyyar dawowa.

Kafin mu gama mamaki gari ya taru. Aka buɗa wa wani tsoho hanya, gajere, mai kaurin damtse, hannuwansa duk tabon wuta. Shi ne Sarkin Maƙera Nomau, shi yake gyara mana dagi da diga tun da muka zo. Ya durƙusa, ya tofa yawu a gindin igwar, ya murza da babban yatsa. Wata shaida ta fito, zane uku kamar sawun kaza. Kowa a wurin ya san ta, don ita ce a jikin kowace hauya ta garin.

"Ta babana ce," in ji shi. Ya yafito 'ya'yansa suka ɗauke ta.

Ni kuwa na bi doka, na gaya wa mai gari, ya tashi mai doki zuwa bariki. A hanya Ɗan Jimma, da yake ɗan yankin ne, ya ba ni sauran labarin. Uban Nomau yana cikin maƙeran da suka raka igwa wancan yaƙi, kuma bai dawo ba. Waɗanda suka tsira suka zo da maganar cewa igwa ta ƙi tashi, albarushin maƙeri lalatacce ne, shi ya sa aka ci su. Tun Nomau yana goye ake kiran gidansu gidan jiƙaƙƙen albarushi. Buzaye, da yake abokan wasan maƙera ne, a gabansa suke faɗa ranar kasuwa. Yakan yi dariya, amma dariyar iyakarta haƙora.

Washegari da hantsi na ɗauki dagi biyu na nufi maƙera. Tun daga ƙofa na ga an tara gawayin ƙirya tuli guda, an ɗora igwa a kan duwatsu, an jawo zuga-zugi kusa. Na tambaya, Nomau ya ce ai ya ji an aika bariki, kuma abin babansa ba zai je ya zama abin kallon Nasara ba. Tagulla in ta yi ja a wuta ba ta da ƙarfi, masaba tana farfasa ta. Zai aika guntayen ga surukinsa, maƙerin fari mai zubin tagulla a Waca, ya zuba wa 'ya'ya da jikoki mundaye. In gardawa, dogaran bariki, sun zo su tarar da toka.

Ban ga laifinsa ba. Amma da aka yaye fatar, idona ya faɗa kan 'yar ƙofar da ake sa wa igwa wuta, na ga an toshe ta da kakin zuma. Ba a toshe wannan ƙofa sai in akwai abin da ake tsoron ya jiƙe. Na zari karan dawa a danni, na zura ta baki har ya tokare, na riƙe wurin da yatsa, na fito da shi na gwada a bayan igwar. Karan bai kai ƙofar wuta ba, saura fiye da taƙi guda. Ɗure take.

Na matsa kusa da shi, na yi ƙasa da murya yadda 'ya'yansa ba za su ji ba. Na ce, "Baba, akwai ɗuri a cikinta. In ta ji wuta, wannan rumfa da duk wanda ke cikinta sai dai labari."

Ya karɓi karan, ya gwada da kansa, ya shafa gemu. Na rantse da an bar mu mu biyu da maganar ta ƙare a nan. Sai ga ƙarar kofato. Kafaran Isa ne, babban gardin da bariki ta turo, da jar hularsa da bulala. Ko sallama bai yi ba. Da ya ji abin da ake ciki, sai ya ɗaga murya yadda har matan da ke sussuka suka ji.

"Kai tsoho, kana hauka ne? Wuta za ta cinye ka kamar ɓera a rumbu! Gobe da safe kamiyo, babbar motar bariki, zai zo da gardawa, kar wanda ya taɓa ta!"

Ya juya dokinsa ya tafi, yana ganin ya gama aiki. Ku da ba ku zauna da maƙera ba, ba za ku gane ɓarnar da ya yi ba. Maƙeri ya gaji wuta ne kamar yadda wani yake gadon gona. Ranar wasansu da hannu suke ɗaukar jan ƙarfe, suna cewa wuta baiwar gidansu ce. Ka ce wa sarkin maƙera a gaban jama'a wuta za ta ci shi, ka ɗaure shi ke nan, dole ya shiga. Nomau ya jefar da karan. Ya ce a kira masu dundufa, makaɗan maƙera, a kira dangi maza da mata, bayan azahar za a hura wuta, kowa ya zo ya ga ko wuta tana cin ɗan gidansu.

Na ce a raina, yau ko ni ko wannan igwa. Na fara da mai gari. Ya ce shi ba ya sa baki a sha'anin maƙera, damina na tafe, in Nomau ya yi fushi wa zai yi wa gari hauya? Na je wurin liman, ya taso da kansa, ya yi nasiha mai kyau. Nomau ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Gaskiya ne, Malam, amma ajali ba ya wuce ranarsa." Na ce to a ba ni ita in jiƙa ta a ruwa 'yan kwanaki, in ƙwaƙule ɗurin a hankali. Ya ce kamiyo gobe ne, ba 'yan kwanaki ba. Har na yi tunanin in kwaso mutanena mu ɗauke ta da ƙarfi, sai na dubi damatsan 'ya'yansa da masabar da ke hannun kowannensu, na bar wannan shawara.

Aka yi azahar. Masu dundufa suka fara taɓawa, mata suka cika bakin rumfa, wasu da goyo. Babban ɗan Nomau ya zauna a bakin zuga-zugi. Ban san lokacin da na ratsa mutane ba, na haye kan igwar na zauna daram kamar mai hawan jaki.

Kiɗa ya tsaya. Nomau ya ce, "Shef, sauka."

Na ce, "Baba, sai dai ku gasa mu tare."

"Kai baƙo ne, ba na son in wulaƙanta ka."

"Wulaƙanta ni, na yafe. Amma ban sauka."

Muka zuba wa juna ido. Tagullar ta sha rana, tana ƙona ni ta cikin wando, amma ko motsi ban yi ba. Ina zaune a wurin ne maganar Ɗan Jimma ta dawo mini. Duk safiyar nan ina ta faɗa wa mutumin nan abin da zai kashe shi, alhali shi abin da ya dame shi daban ne.

Na ce, "Baba, in tambaye ka. Wa ya ɗura igwar nan?"

Ya ce, "Wa zai ɗura ta in ba mai ita ba?"

"To mutane sun ce albarushinsa ba ya tashi. Ni na ce yana tashi, shi ya sa nake zaune a nan. Duk garin nan ni kaɗai na yarda da aikin babanka, ko kai ba ka yarda ba. In ka yarda da shi, ba za ka tara jikokinsa a bakinta ba."

Na ce a raina yau masaba za ta sauka a kaina. Na ci gaba duk da haka. Na ce ga ɗurin da babansa ya yi da hannunsa, ba wanda ya taɓa shi. A sa mata wuta a inda ba za ta taɓa kowa ba, gari duka ya tsaya ya ji. In ta yi shiru, tagulla tasa ce, ni da kaina zan riƙe masa awartaki. In ta tashi, to kowa ya ji da kunnensa.

Can Nomau ya ce, "Ni zan sa wutar da hannuna."

Na ce, "Kai za ka sa."

"Kuma ba zan gudu ba. Inda nake zama in ina aiki, nan zan zauna. Maƙeri ba ya sa wuta ya ba ta baya."

Nan ne gizo yake saƙa, don na so a kai ta daji ne, a ja wuta daga nesa. In zai zauna kusa da ita, ramin tsakuwa ba zai tsare shi ba, tudu ma haka. Wuri ɗaya ne a duk ƙasar nan da igwa za ta fashe mutum yana kusa ya tsira, kuma ni na haƙa shi. Na ji kamar an soka mini wuƙa, amma na faɗa. Na ce a saka ta cikin rijiya.

Sai hayaniya ta tashi. Wata dattijuwa, ƙanwar mai gari, ta matso har gabana tana nuna ni da yatsa. "Kai ɗan nan, ka san inda muke zuwa ɗiban ruwa? Ka taɓa ɗora tulu a kanka? Ruwa ya zo bakinmu za ka rufe shi saboda taurin kan tsoho ɗaya?" Gaskiya ta faɗa. Abin da na iya ce mata shi ne ta dubi masu goyon da ke bakin rumfar nan, kuma na yi mata alkawari ba zan bar garin ba sai ta sha ruwan sabuwar rijiya, ko da Mushe ya kore ni in dawo in haƙa da farcena. Ta yi tsaki ta juya. Ba ta yarda ba, amma ba ta hana ba.

Muka yi aikin yadda ake yin aiki. Na fara zura fitila ƙasa, kamar kullum, don in ga ko akwai iska, ta ci gaba da ci. Muka kwashe kayanmu, muka ɗaure igwa da igiyar jan ƙasa, muka sauke ta a hankali bakinta yana kallon ƙasa. Na sauka da kaina na jera gawayin ƙirya a gindinta, na rufe da kara. Da na ɗaga kai na ga zoben simintin da muka zuba ɗaya bisa ɗaya, sumul, ba tsaga ko ɗaya, sai da ƙwalla ta zo mini. Ban taɓa yin rijiya mai kyanta ba.

Aka kori jama'a can bayan gawo. Nomau ya zo da garwashi daga maƙerarsa a bakin awartaki, ya yi bisimilla ya saka. Ya shimfiɗa buzunsa dab da bakin rijiya ya zauna. Na zauna kusa da shi. Da hayaƙi ya turnuƙe na fara tari da gangan, na ce, "Baba, kai ka saba, ni hayaƙin nan zai kashe ni, kuma ba zan tashi in bar ka ba. Mu ɗan ja baya." Ya harare ni, ya ce sojan Nasara ba su da ƙirji. Amma ya bari na ja buzun baya kaɗan, na sake ja, har ya buge mini hannu.

Muka zauna. Hayaƙi ya yi ta fita har ya fara sirancewa, ba abin da ya faru. Rana ta karkata. Daga bayan gawo na fara jin ƙananan dariya, sai wani Buzu ya ɗaga murya ya ce, "Sarki, ko a kawo maka albarushi aro?" Aka fashe da dariya. Na saci kallon Nomau. Bai juya ba, amma na ga tsufa ya sauko masa lokaci guda, kafaɗunsa sun zube. Tsoro ya kama ni, ba na fashewa ba, na shirun. In ta ƙi tashi, na ƙona rijiyar mutane a banza, na kuma tara gari ya tabbatar wa tsoho abin da ake gaya masa tun yana goye. Ni da na yini ina roƙon Allah kada igwar nan ta tashi, sai ga ni ina roƙon ta tashi.

Ban ji ƙarar da kunne ba tukuna, a ciki na ji ta. Ƙasa ta ɗaga mu ta ajiye. Wuta da rairayi suka yi sama daga bakin rijiya, jakuna suka tsinke, tsuntsayen fadama duka suka tashi. Da ƙura ta lafa, bakin rijiyar ya rufta, wurin da aka fara shimfiɗa buzun ya tafi ƙasa. Wani guntun tagulla ya faɗo ya nutse a rairayi kusa da mu yana hayaƙi.

Na juya ina laluben tsoho. Yana nan zaune, rairayi ya rufe masa kai da gemu, hawaye ya yi hanya biyu a fuskarsa. Bai ce na gode ba, bai ce ka cece mu ba. Ya miƙe, ya juya wajen jama'a, ya ɗaga hannu ya yi tsawa da muryar da ban san yana da ita ba.

"Kun ji? Ina mai ba da aron albarushi? Kun ji babana?"

Ba wanda ya yi dariya. Masu dundufa ne suka fara dawowa hayyacinsu, suka saki kiɗa.

Da kamiyo ya zo da safe, ba igwa, ba rijiya. Aka tafi da ni Magarya. Na tsaya gaban Mushe a biro, wato ofishinsa, na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya yi ja, ya yi faɗa da harshensu har tafinta ya gaji ya daina juyawa. Ya ce don me ban jira gardawa ba. Na ce da na jira, da gawa za su zo ɗauka. Aka sauke ni daga shef, aka mayar da ni mai haƙa. Abu ɗaya na roƙa, a bar ni a wannan shantiye, aka bar ni. Muka sake sara sabuwa a gefen ta farko, ƙarƙashin wani shef da ni na koya masa aiki. 'Ya'yan Nomau suka shigo jan ƙasa ba wanda ya kira su, shi kuma kullum da safe sai mu tarar an wasa mana dagi. Gab da faɗuwar ruwan farko muka cim ma ruwa. Ƙwaryar farko dattijuwar nan na kai wa. Ta sha, ta ce, "Ka daɗe," ta miƙo mini ƙwaryata.

Ga abin da nake so ku riƙe. Ƙasar nan da kuke hudawa ba fanko ba ce, mutane sun mutu a kanta sun bar kayansu, kuma kayan suna da magada. In ƙarfenku ya daki wani abu, ku tsayar da inji, ku gwada shi kafin ku yarda ya mutu. Sannan ku tambaya na wane ne, kuma me ake cewa a kansa a garin, don mutum yakan yarda ya mutu a kan maganar da kai baƙo ba ka ma san ana yi ba. Rijiya kuwa ana sake haƙa ta, ni shaida ne.

Bayan shekaru aiki ya sake bi da ni ta garin. Nomau ya riga mu gidan gaskiya. Na tsaya bakin rijiya na tambayi wata mai ɗiban ruwa hanyar gidan jiƙaƙƙen albarushi, don in yi musu gaisuwa. Ta dube ni sama da ƙasa, munduwar tagulla tana walƙiya a hannunta, ta ce ita a nan aka haife ta, ba ta taɓa jin gida mai wannan suna ba.